AN SALLAMI TSOHO DAGA ASIBITI, SAURA WA ZAI RIƘE SHI?

Akwai wani labari da kan iso wa mutanen Bauci mazauna Kurmi ta waya, kuma galibi kashi biyu yake zuwa. Na farko shi ne an kwantar da tsoho a asibiti, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana neman gagara. Nan da nan hankali ya tashi, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko kasuwar shanu ta Lokpanta. Mai sayar da tumatir a Mil 12 ya taɓa uwar kuɗi, mai gadi ya roƙi maigidansa albashin wata mai zuwa, 'yan uwa su yi karo-karo a aika gida. Bayan mako guda ko kwana goma sai a ce an sallame shi, kumburi ya sace, har ya nemi masa ya ci. Kowa ya yi hamdala ya koma bakin sana'arsa. Kashi na biyu kan zo bayan wata biyu ko uku, sau da yawa da asuba, shi kuwa ba ya bukatar dogon bayani.

Ba mai gardama a kan cewa kowane rai da ajalinsa. Amma tawakkali bai taɓa hana neman magani ba, in ba haka ba da ba a kai tsohon asibiti tun farko ba. Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne, a wannan ciwo da likitoci ke kira gazawar zuciya, kwanakin da suka fi haɗari ba su ne na kan gadon asibiti ba. Makonnin da ke bin ranar sallama su ne, watau daidai lokacin da ɗa na Ikko ya saki jiki, kuɗin gudummawa suka ƙare, masu dubiya suka ɗauke ƙafa.

Gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce. Zuciya tana nan tana bugawa, sai dai ƙarfinta ya kasa tura jini yadda jiki ke bukata, kamar injin ban ruwa da ya tsufa a fadama, yana ƙara amma ruwan da yake jawowa bai kai ƙarshen fangali ba. Sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. Shi ya sa mai ciwon ba ya iya kwanciya miƙe sai an tara masa matasai, ya kan farka cikin dare yana haki, tafiya daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida ta zame masa aiki. A Turai toshewar jijiyoyin zuciya ce ta fi jawo shi. A ƙasar nan kuwa babban mai laifi hawan jini ne wanda aka yi shekaru ba a auna ba, ko aka auna aka yi biris da shi. A wani lissafi da likitocin Abeokuta suka fitar a 2014 a kan majiyyata 452, kusan 8 cikin kowane 10 hawan jini ne ya kai su ga wannan hali.

To, me asibiti ke yi a cikin makon nan guda? Ana yi wa majiyyaci allurar da ke sa fitsari don a sauke ruwan da ya taru, a sa masa iskar taimakon numfashi in ta kama, a daidaita jininsa. Aiki ne mai kyau, yana kuma ceton rai. Amma an kwashe ruwan da ya malale ɗaki ne kawai, soron da ke yoyo yana nan yadda yake. Tsohon da ya fito yana fara'a, da zuciyar da ya shiga da ita ya fito.

Alƙaluma sun nuna haka a fili. Daga 2007 zuwa 2010 an bi sawun majiyyata 1,006 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna cikin waɗanda suka yi aikin. Da aka buga sakamakon a 2012, an ga yawanci kwana 7 majiyyaci kan yi a kwance, kuma kimanin 4 cikin 100 ne suka rasu a asibiti. Amma kafin a cika wata shida adadin ya kai kusan 18 cikin 100. Watau duk mutum ɗaya da ya cika a gaban likita, akwai wajen uku da suka cika bayan an sallame su. Wani binciken da ya fito a 2017, wanda ya haɗa mutum 5,823 a ƙasashe 16, ya sami cewa a Afirka 34 cikin 100 ba su ga ƙarshen shekara ba, alhali a ƙasar Sin 7 ne kacal, a Amurka ta Kudu 9. A lura kuma, majiyyatan Afirka a binciken nan biyu matsakaicin shekarunsu bai wuce 52 ko 53 ba. Ina ga dattijo ɗan 70, wanda ƙodarsa ta gaji, mai yiwuwa ga ciwon sukari, ga ido ya yi rauni ba ya rarrabe fara da jar ƙwaya?

Abin da ke ɓoye wannan asara shi ne inda take faruwa. Wanda ya rasu a gida a Jahun ko Kobi ko Fadaman Mada, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada. Mafi yawan mace-macen ƙasar nan ba a rajistarsu. Fayil ɗinsa a asibiti yana nan yana cewa an sallame shi cikin sauƙi, kuma ba ƙarya aka rubuta ba. Likita bai ji labari ba balle ya gyara wani abu, hukuma ba ta gani a takarda ba balle ta ware kuɗi.

A duba yadda al'amarin yake a Bauci. Tun 2010, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta karɓi tsohon Asibitin Ƙwararru na jiha ta mai da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, garin ya sami wurin da ake ɗaukar hoton zuciya, a kuma ga ƙwararru ba sai an je Jos ko Kano ba. Wannan ci gaba ne wanda ba a raina shi. Amma ba mutanen cikin gari kaɗai ke dogara da shi ba. Daga Ningi ake zuwa, da Darazo, da Alkaleri, da Toro, da Dass, har da maƙwabtan jihohi. Likitocin kuwa ba su da yawa a ƙasar baki ɗaya. Farfesa Muhammad Ali Pate, mutumin Misau wanda aka naɗa Ministan Lafiya a 2023, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar. Inda likita ɗaya ke fuskantar dogon layi, ranar dawowa ta kan yi nisa. In ranar ta zo kuma, sai an sami mai ɗauko tsoho tun da sassafe, a biya kuɗin mota, a nemo kati, a zauna a benci har rana ta take, a biya kuɗin awon jini. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa iyali su ce, tun da dai Baba ya ji sauƙi, a bari sai wani jiƙon.

Sa'an nan ga maganar magani, wadda ita ce uwa uba. Jama'a sun saba da maganin zazzaɓi, wanda a kan sha kwana uku a warke a jefar da kwali. Na zuciya ba haka yake ba, abokin zama ne har iyakar rai. Sau da yawa ba wanda ya zaunar da iyali ya faɗa musu wannan da harshen da suke ji, saboda haka in ledar da aka fito da ita daga asibiti ta ƙare, sai a ɗauka an gama. Wasu kuwa sun sani sarai, aljihu ne ya kasa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. A 2023 darajar Naira ta faɗi, kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkarsa a ƙasar a watan Agusta, Sanofi ma ya bi sahu a Nuwamba, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Daga nan sai dabarun talauci su shigo: a raba ƙwaya biyu, a sha yau a tsallake gobe, ko a je kemis da takarda mai magani huɗu a ce a ba da biyu.

A nan ne ake yin kuskure mai tsada. In za a zaɓa, iyali kan zaɓi ƙwayar fitsari, wadda aka fi sani da Lasix, domin ita ce ake ganin aikinta da ido: an sha, an yi fitsari, ƙafa ta sace. Sauran ƙwayoyin da ba a ga suna yin komai ba sai a yar da su. Alhali kuwa waɗancan masu aiki shiru, masu sassauta wa zuciya nauyi da rage mata gaggawa, su ne bincike ya tabbatar suna tsawaita kwana da yardar Allah. Ƙwayar fitsari sauƙi take kawowa. Wani dattijon kuma ita ɗin ce ma yake gudu, ba don komai ba sai don tana karya masa alwala, tana hana shi zaman majalisa ko na kasuwar Wunti, kuma yana jin nauyin ya faɗa wa 'ya'yansa. Da an tambaye shi, da likita ya canja masa lokacin sha an huta. Haka nan in azumi ya kama, musamman a zafin Maris da Afrilu na Bauci, bai kamata tsoho mai irin wannan ciwo ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai ba. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, likita da malami suna da ta cewa.

Tukunya ma tana da nata rabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da lafiyayyen mutum ke ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A gidan da ake girki ɗaya don mutum ashirin, ga gishiri, ga dunƙule uku ko huɗu a miya, ga kanwa, ga yaji a gefe, tsoho kan ninka wannan bai sani ba, gishiri kuwa shi ke riƙe ruwa a jiki. Ba yau likitoci suka san wannan a ƙasar Hausa ba. Tun a shekarun 1970 Parry da Davidson, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, suka danganta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego na Zariya da kunun kanwa da zafin wankan jego. Abin da kanwa ke yi wa zuciyar mai jego ba za ta ƙi yi wa ta kakarta ba. Ɗebar wa tsoho miyarsa kafin a zuba gishiri ba ya cin ko kwabo, sai dai yana bukatar a yi wa matan gida bayani, kuma a yi shi da ladabi, don kada tsohon ya ga kamar an mai da shi saniyar ware a gidansa.

Akwai kuma haɗin ciwon jiki da ake saya a kemis. Wane tsoho ne ba ya kukan gwiwa da baya? Amma magunguna irin su dikulofenak da ibufurofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma taɓa ƙoda, har su kan mayar da mai gazawar zuciya asibiti cikin 'yan kwanaki. Ɗan da ya zo ganin gida daga Fatakwal da tsarabar maganin gajiya yana nufin alheri ne, bai san abin da ya ɗauko ba. Masu yawo da mota da lasifika suna tallar ruwan magani mai warkar da cuta arba'in kuwa, maganarsu ta isa wata rana daban.

Kada wani ya ce ai duk wannan sai ƙasar Turawa. An gwada, kuma Kano tana cikin wuraren da aka gwada. A 2022 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji mai suna STRONG-HF, wanda aka yi a kan majiyyata 1,078 a ƙasashe 14, daga masu shekara 18 har zuwa 85, kuma Dokta Hadiza Sa'idu ta Asibitin Murtala na Kano tana cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton. Ba wani sabon magani aka ƙago ba. An raba majiyyata gida biyu ne. Kashi ɗaya aka sallame su yadda aka saba. Ɗaya kashin aka riƙa duba su bayan mako ɗaya, da biyu, da uku, da shida, ana auna jini da ƙoda, ana ƙara ƙarfin magungunan da aka riga aka sani har su kai mizani cikin mako biyu. Bayan kwana 180, waɗanda suka rasu ko aka sake kwantarwa a kashin da aka saba sun haura 23 cikin 100, a kashin da aka bi sawu kuwa 15 ne. Bambancin ya fito fili har aka tsai da gwajin kafin lokacinsa. Ziyara huɗu ke nan cikin wata biyu.

Wannan shi ya kawo magana kan mazauna Kurmi. Ba a zarge su da rowa ba, ko kusa. Mutumin da ke kwana a rumfar kasuwa don ya aika gida ba a koya masa zumunci. Abin dubawa shi ne lokacin da kuɗin ke zuwa. Su kan zo da yawa ranar kwanciya, su kan zo da yawa ranar rasuwa, tsakani kuwa shiru. Daga Ikko zuwa Bauci ya fi kilomita 1,000, kuma abin da mutum zai kashe a mota zuwa da dawowa don ta'aziyya, haɗe da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sau da yawa ya isa ya riƙe maganin watanni. Kaɗan kaɗan a ƙarshen kowane wata, wanda aka san ba ya yankewa, ya fi tarin da ke zuwa in ta ɓaci.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba. Ya kamata a sami mutum ɗaya tak a gida wanda aka ɗora wa alhakin maganin, ko jika ɗan makaranta ne, domin abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. A saya masa ma'aunin nauyi irin wanda yara ke yawo da shi a tasha, a ɗora tsoho kowace safiya bayan ya kama ruwa, a rubuta. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke dawowa, kuma ma'auni kan gan shi tun ido bai gani ba. In ɗa ya buga waya, kada ya tsaya a kan “Baba, yaya jiki?”, domin amsar dattijon Bahaushe sananniya ce, da sauƙi zai ce ko da yana haki. A tambayi mai jinya: matasai nawa ya kwana a kai jiya? Takalminsa yana shiga? Ya je masallaci da ƙafarsa, ko a ɗaki ya yi salla? Jiri yana ɗibarsa in ya miƙe? Ƙwaya nawa ta rage a kwali, yaushe ne ranar komawa? Wanda ke tsaye a Obalande yana iya yin waɗannan tambayoyi cikin minti biyu.

Wasu kan ga mafita ita ce a ɗauko tsoho a kawo shi Ikko ko Badun, inda manyan asibitoci suke. In aikin tiyata ne ko wani awo na musamman, to, da hujja. In kuwa riƙo ne na yau da kullum, tafiyar yini da kwana a mota da ƙafafu a rataye, sa'an nan zama a ɗaki ɗaya a inda bai san kowa ba, ba lalle ta fi masa zaman gidansa da magani a hannu ba. Akwai kuma masu cewa a ɓoye, ai ya ci zamaninsa, a bar kuɗin ga yara. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma talauci ne ke faɗinta, kuma amsarta tana wuyan hukuma.

Dokoki dai ba a rasa su ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya matakin farko. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu, har da tsofaffi. Jihar Bauci tana da nata hukumar taimakekeniyar lafiya. Tun a 2001 aka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. Ma'aunin duk waɗannan a wurin talaka guda ɗaya ne: ko tsohuwar da aka sallama ta sami ƙwayoyinta a wata na uku. Ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kurmi da sarakunan Hausawa na zango-zango, waɗanda 'yan siyasa ke zarya wurinsu in zaɓe ya ƙarato, suna da bakin da za su yi wannan tambaya. Suna kuma iya bin sawu su ga yadda ake sa iyaye a rajistar inshora ta jiha, su biya musu a dunƙule yadda suke haɗa kuɗin kai gawa gida.

Abin da ake nema daga hukumomin lafiya bai fi ƙarfinsu ba. Ba dole sai ƙwararren likitan zuciya ne zai auna nauyi da jini ya ƙirga ƙwaya ba. A 2020 an fara wani shiri a jihohin Kano da Ogun inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke kula da masu hawan jini bisa tsari ɗaya. A Ruwanda an daɗe da horar da nas-nas suna riƙe masu gazawar zuciya a asibitocin gunduma, har ministocin lafiya na Afirka suka amince da irin wannan tsari a taronsu na Lome a 2022. Bauci tana da ƙananan hukumomi 20. Nas guda mai horo a babban asibitin kowacce, da waya a hannunta da lambar likitan da ke cikin gari, za ta hana tsohon Ningi tafiyar da ke sa shi fasa komawa. Asibiti kuma ya buɗe littafi, ya kira gidan duk wanda ya sallama bayan mako guda, da wata guda, da wata shida, ya rubuta wanda ke raye da wanda ba ya raye, a kai wa Majalisar Dokoki ta Jiha lissafin kowace shekara.

Kafin a kai can, akwai takardar sallama kanta. Galibi da Turanci ake rubuta ta, da irin rubutun likita wanda mai kemis ma sai ya ƙanƙance ido. Warƙa guda ta isa: sunan kowace ƙwaya da lokacin shanta, gargaɗin cewa ba a dainawa ko an ji sauƙi, abubuwan da in an gani a taho ba jira, ranar dawowa wadda ba ta wuce mako biyu ba, da lambar wayar da za a ɗauka in an kira. A buga ta da Hausa, boko a fuska ɗaya, ajami a ɗaya fuskar, tun da dattawan Bauci da yawa da ajami suka iya karatu, a kuma ɗauki hotonta a aika wa ɗan da ke Kurmi.